Sandar gaba ko ta baya? Amsa ga mai Miata da ya shiga tseren otokuros

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas, kuma bara na fara shiga gasar otokuros da SCCA, ƙungiyar masu tseren motoci ta Amurka, take shiryawa a yankinmu. Motata Mazda Miata ce ƙirar 1999, ina rukunin E Street. Motar tana kwanciya sosai a kwana, gabanta yana ƙin shiga, idan kuma na taka totur zan fita sai tayar baya ta ciki ta riƙa juyawa a banza. Abin da na karanta shi ne, idan gaba yana ƙin juyawa a ƙara kaurin sandar sitabilaiza ta baya. Amma waɗanda suke kayar da ni duk ta gaba suka ƙara wa kauri. Wanne ne daidai, kuma wane kauri zan saya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa wannan harka. Idan na fahimce ka, abu uku kake kuka da su: motar tana kwantawa gefe, gaba yana turjewa, tayar baya ta ciki tana ɓata maka ƙarfin inji. Sannan abin da ka karanta ya saɓa da abin da idonka ya gani a fili. Abin da ka karanta gaskiya ne, mutanen da suke kayar da kai kuma ba su yi kuskure ba. A motarka da rukuninka ni ma sandar gaba zan sauya, amma ina so ka san dalili, domin ranar da ka canja mota amsar za ta iya juyewa.

Saboda masu karatu da ba su taɓa ganin wannan wasa ba, ga yadda yake. Ana samun babban fili, wurin ajiye motoci na wani filin wasa ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin nan masu tsini launin ruwan lemo su zama hanya. Mota ɗai-ɗai take shiga, da agogo ake kokawa. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti ɗaya ba, gudu kuma da wuya ya haura kilomita 100 a awa, yawancin aikin a giya ta biyu ake yin sa. Duk robar da ka ture an ƙara maka daƙiƙa 2. Gasar ƙasa ta Amurka tun 2009 a garin Lincoln na jihar Nebraska ake yin ta, a kan kankaren filin jirgi. Abin da ya bambanta wannan wasa da tseren babbar hanya shi ne mota ba ta samun hutu, daga kwanar dama sai ta hagu, daga birki sai totur. Shi ya sa ƙarfe ɗaya da ke ƙarƙashin mota yake iya zama tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyar.

Aikin da sandar take yi

Sandar da bakanikenmu na gida suke kira sitabilaiza ƙarfe ne mai lanƙwasa biyu, tsakiyarsa a ɗaure da jikin mota cikin bushin guda biyu, hannayensa kuma an haɗa su da ƙafar dama da ta hagu da ƙananan linki. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin bushin, ba ta hana komai. Idan mota ta shiga kwana, ƙafar waje ta nutse ta ciki ta saki, sai ƙarfen ya murɗe kamar yadda ake matse wanki, shi kuma ya yi gardama. Wannan gardamar ita ce take rage kwanciyar mota.

Ga wurin da mutane da yawa suke ɓata. Yawan nauyin da yake tashi daga tayoyin ciki ya koma kan na waje ya danganta ne da nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayoyinta, da tsananin kwanar. Sanda kusan ba ta taɓa wannan jimillar. Abin da take yi shi ne rabo: ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi yake ɗaukar kaso mafi girma na nauyin da ya tashi.

Ita kuma taya tana da wata ɗabi'a. Idan ka ninka mata kaya, riƙonta yana ƙaruwa amma ba ya ninkuwa. Bari in ba ka misali da lambobin da na ƙirƙira don fahimta kawai. A ce tayoyi biyu kowacce tana ɗauke da kilo 250, kowacce tana iya riƙe ƙarfin gefe na kilo 260, jimilla 520. Idan aka mayar da rabon ya zama 400 da 100, ta waje za ta riƙe kamar 380, ta ciki 115, jimilla 495. Kayan bai canja ba, riƙon ya ragu. Daga nan ne ƙa'idar da ka karanta ta fito: ƙara taurin gaba yana rage riƙon gaba, sai mota ta yi turjiya, ƙara taurin baya yana rage riƙon baya, sai wutsiya ta fi saurin ficewa. Lura da cewa mai ƙara sandar baya don ya magance turjiya bai ƙara wa motar riƙo daga sama ba, ya ɗebe wa baya ne domin gaba ya samu sauƙi.

Dalilin da Miata ta bi wata hanya

Da a ce wannan ƙa'ida ce kaɗai take aiki, da sandar baya zan tura ka ka saya. Amma akwai abubuwa uku a motarka da suke rinjayar ta.

Na farko dokar rukuninku. A rukunin Street an yarda ka sauya shokozoba, ka sa tayoyin da lambar ƙarko da aka rubuta a gefensu ta kai 200, ka yi alaimen iya abin da kamfani ya ba da dama, ka kuma sauya, ko ka ƙara, ko ka cire sanda guda ɗaya, ta gaba ko ta baya, ba duka biyun ba. Sifirin kuwa ba a taɓa shi. To sifirin Miata an yi shi ne don jin daɗin tuƙi a titi da tayoyin 1999. Kai kuma ka ɗora mata irin su Bridgestone RE-71RS ko Yokohama A052, waɗanda riƙonsu ya yi wa na wancan zamani nisa. Ƙarin riƙo yana nufin ƙarin kwanciya. Motar za ta kwanta har ta zauna a kan robar da take tare ƙarshen tafiyar shokozoba, kuma daga lokacin da ta zauna a kai taurin wannan ƙafar yana tashi farat ɗaya. Tayar gaba ta waje kuma tana jingina waje tare da jikin motar, ta koma tafiya a kan kafaɗarta maimakon faɗin fuskarta. Ƙafafun Miata suna da hannu biyu, sama da ƙasa, wanda ya fi na yawancin motoci kiyaye tsayuwar taya, amma a tsayin kamfani jinginar ciki, wato karkatar saman taya zuwa cikin mota, da za ka samu a gaba da kyar take wuce digiri ɗaya da 'yan kai, kuma ba ta isa ta biya kwanciyar nan ba. Idan ka sa sandar gaba mai kauri, gaskiya ne gaba zai ɗauki ƙarin nauyi, amma tayar za ta tsaya daidai a kan fuskarta, kuma sau da yawa abin da aka samu ya fi abin da aka rasa. Sandar baya ba za ta iya wannan aikin ba, domin kafin ta yi taurin da zai hana motar kwanciya, bayan ya riga ya zama abin da ba ya tuƙuwa.

Na biyu shi ne kukanka na tayar da take juyawa a banza. Miata da tayoyin baya take tura kanta. Sandar baya, a kwana, ɗaga tayar ciki take yi. Idan ka ƙara mata kauri ka ƙara sauƙaƙa tayar da dama ita ce take kufce maka. Sandar gaba mai kauri akasin haka take yi: gaba ya ɗauke kaso mafi yawa na nauyin da ya tashi, tayar baya ta ciki ta zauna a ƙasa, kai kuma ka samu damar taka totur da wuri. Ka duba ko motarka tana da difarenshal ɗin Torsen, wato wanda yake tura ƙarfin inji ga tayar da ta fi riƙo idan ɗayar ta fara zamewa, domin ba duk Miata ta 1999 ce ta zo da shi ba. Ko da tana da shi, Torsen yana buƙatar tayar ciki ta riƙe ƙasa ko da kaɗan ne kafin ya tura ƙarfi ga ta waje. Idan ta tashi sama gaba ɗaya, shi ma ya zama kamar babu. A motar da ƙarfin injinta doki 140 ne, duk ɗan lokacin da ka jinkirta taka totur ba ka da inda za ka rama shi.

Na uku shi ne zigzag, wato layin robobin da ake saƙawa dama da hagu. A nan ake cin gasa ko a faɗi. Mota mai laushi tana ɗaukar lokaci kafin ta gama kwantawa dama, sannan ta tashi ta kwanta hagu, kuma kafin ta gama kai ka riga ka iso roba ta gaba. Ta uku ko ta huɗu sai baya ya fara lilo. Miata gajera ce, tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,265 ne kawai, idan bayanta ya fice da sauri yake fita. Sandar gaba mai kauri tana sa motar ta amsa sitiyari nan take, baya kuma ya biyo a natse, har ka iya shiga zigzag ba tare da ka ɗaga ƙafa ba.

Da motarka mai jan gaba ce, kamar Honda Civic ko Volkswagen GTI, da maganar ta juye. Su nauyinsu a gaba yake, tayoyin gaba su ne suke ja, su ne suke juyawa, don haka ana ƙara sandar baya domin tayar gaba ta ciki ta zauna. Shi ya sa za ka ga irin waɗannan motoci suna shan kwana da tayar baya ɗaya a sama, kuma masu su ba su damu ba, tunda ba aikin da take yi.

Kafin ka kashe kuɗi

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum mota ce sanadi ba. Cikin sababbin direbobin da na zauna a gefensu a tsawon shekarun da na yi ina wannan wasa, mafi yawan masu cewa gaba yana turjewa shigowa kwana suke yi da gudun da ya fi ƙarfin taya, sannan idan motar ta ƙi juyawa su ƙara murɗa sitiyari. Tayar gaba ta fara kuka, su kuma su ƙara murɗawa. Babu sandar da take maganin wannan. Akwai wani matashi da ya zo mini da irin motarka yana cewa lallai sai ya sauya ƙarfe. Na shiga gefensa, na ce ya taka birki taku biyar kafin inda ya saba a babbar kwanar da ke ƙarshen fili, ya kuma ɗaga kai ya kalli mafita maimakon robar da ke gabansa. Kukan tayar ya ɗauke, lokacinsa ya sauka a zagayen nan ba tare da an taɓa sifana ba. Don haka ka nemi ɗaya daga cikin waɗanda suke kayar da kai ya tuƙa motarka zagaye biyu kana gefe. Idan a hannunsa ma ta turje, to motar ce.

Sannan ka duba shokozoba. Mota mai shekara sama da 25, idan har na kamfani ne a jikinta, sun gama aiki, kuma sanda a kan matattun shokozoba asarar kuɗi ce. Su ne suke riƙe motar a ɗan lokacin da take sauya gefe, ita sanda aikinta ya fi bayyana bayan motar ta zauna a kwanar. Ka yi alaimen, ka ce a ba ka duk jinginar cikin da gaba zai iya bayarwa. Ka kuma shafa alli a kafaɗar tayoyin gaba kafin ka shiga. Idan ka fito ka ga allin ya goge har ya gangara gefen taya, iska ta yi kaɗan ko motar tana kwanciya fiye da kima.

Maganar kauri

Taurin sanda yana tafiya ne da kaurinta a ninka shi da kansa sau huɗu, shi ya sa ƙaramin bambanci a ido yake zama babba a hanya. Motarka ta zo da sandar gaba ta kusan milimita 22, ta baya kuma 11 ko 12 gwargwadon samfurin. Daga 22 zuwa 25 milimita uku ne kacal, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 67 cikin ɗari. A baya, daga 11 zuwa 12, milimita ɗaya tak, ƙarin ya kai kusan kashi 42. Ka ga abin da zai faru ga wanda ya ɗauko ta milimita 16 ya ɗaura a baya don ya ga ba ta da wani kauri: ya ninka taurin fiye da sau huɗu.

Akwai sanda cikakkiya, akwai mai rami kamar bututu. Ƙarfen da ke tsakiyar sanda aikin da yake yi wajen murɗewa kaɗan ne, na bayan fata shi yake ɗaukar wahalar. Bututu mai kaurin milimita 28.6 da bango na milimita 3.2 taurinsa daidai yake da cikakkiya ta kusan milimita 25.5, nauyinsa kuma kusan rabin nata ne. Wannan kaurin, inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, shi ne wanda za ka fi gani a ƙarƙashin Miata irin taka, kuma kamfanin Racing Beat ya daɗe yana sayar da shi. Idan za ka kwatanta bututu biyu, ka tambayi kaurin bango, domin biyu masu kauri ɗaya a waje za su iya bambanta sosai.

Ni shawarata ka sayi bututu a wannan kewayen, mai ramuka biyu ko uku a kowane hannu. Ramin da ya fi kusa da jikin sandar yana gajarta hannu, tauri ya ƙaru. Na can ƙarshe yana tsawaita shi, ta yi laushi. A lissafi, gajarta hannu daga milimita 200 zuwa 180 yana ƙara taurin da kusan kashi 23 cikin ɗari, ko da yake a zahiri yana ɗan gaza haka saboda hannun da bushin su ma suna lanƙwasawa. Za ka iya sa gefe ɗaya a ramin tauri ɗaya a na laushi ka samu tsaka-tsaki, motar ba za ta karkace ba, domin ƙarfe ɗaya ne yake murɗewa daga wannan kai zuwa wancan.

Ɗaurawa

A nan na fi ganin ana zubar da amfanin abin da aka saya. Bushin da yake zuwa da sababbin sanduna na roba ne mai tauri, kuma idan ka ɗaure ƙarfen da yake riƙe shi tam, yakan shaƙe sandar. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da motata take tsalle a kwana kamar mai ƙafar katako. Da na kwance linki biyun na kama hannun sandar, sai da na sa dukkan ƙarfina kafin ta motsa. Na sa washa siriri, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda, ƙarƙashin kowane noti na mariƙin, na cika bushin da giris ɗin da ruwa ba ya wankewa, har ta koma tana juyawa da yatsa biyu. Washegari motar ta zama wata daban. Ka yi wannan gwajin kafin ka haɗa linki, ka kuma maimaita shi a farkon kowace kakar gasa.

Miata ta ƙarni na farko da na biyu, har da taka, tana da rauni a wurin da mariƙin sandar gaba yake haɗuwa da jikin mota. Ƙarfen wurin siriri ne, sanda mai kauri da tayoyi masu riƙo suna iya tsaga shi. Ana sayar da ƙarafan ƙarfafa wurin, ka saya tare da sandar, ka kuma karanta littafin dokokin bana ka tabbatar irin wanda ka zaɓa ya halatta a rukuninka.

Sai linki. Ka sayi masu daidaituwar tsayi. A ɗaura su motar tana tsaye a kan tayoyinta a daɓe mai kyau, wani mai nauyinka yana zaune a kujerar direba. A haɗa gefe ɗaya, sannan a daidaita tsayin ɗayan har ƙusar ta shige raminta ba tare da an danna ba. Idan sai an tilasta ta, sandar ta riga ta murɗe tun mota tana tsaye, kuma za ka ji tana son kwanar dama fiye da ta hagu, ko akasin haka. Daga nan ka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ka leƙa ka ga babu inda take gogar taya ko tiyon birki.

Gwaji a fili

Ka fara da ramin laushi. Ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta a ɗan littafi: iskar taya, zafin rana, ramin da kake kai, lokacin da ka yi. Ka lura da inda motar take maka gardama. Idan a doguwar kwana ce, ƙafarka a tsaye a kan totur, maganar sanda ce da alaimen da iska. Idan a daidai lokacin da ka fara murɗa sitiyari ne ko a tsakiyar zigzag, ka fara duba shokozoba. Idan bayan ka sa sandar doguwar kwana ta ɗan ƙara turjiya, kada ka yi saurin cire ta. Ka ƙara wa tayoyin baya iska kaɗan ko ka ɗan taurara shokozoban baya, ka kuma kalli agogo, domin motar da take jin daɗi a hannu ba lallai ita ce mai sauri ba. Kankare mai riƙo irin na Lincoln yana ɗaukar tauri fiye da tsohuwar kwalta mai yashi, ranar ruwan sama kuma ramin laushi ya fi.

Amsar nan tana da iyaka. Daga wasiƙa ba zan ga hannunka a kan sitiyari ba, ba zan kuma ji filin da kuke gasa a kai ba, kuma direbobi biyu masu sauri ɗaya sukan zaɓi rami daban a mota iri ɗaya. Duk abin da na faɗa kuma ya rataya ne a kan dokar Street. Ranar da ka koma rukunin Street Touring, inda aka yarda ka sauya sifirin da sanduna biyun, sifirin ne zai ɗauki aikin hana kwanciya, sanda ta koma abin ƙarasa gyara, kuma a can za ka tarar da masu Miata da yawa sun sa siririya a baya ko sun cire ta ɗungurungum. Idan ka ɗaura taka ka yi gasa biyu, ka turo mini abin da ka rubuta a littafin, tare da hoton kafaɗar tayoyin gaba bayan zagaye na ƙarshe, mu duba ko lokacin matsawa ramin tauri ya yi.